Me ya sa Allah ya dasa itacen tun da ya san za su ci?

MalamarLahadi:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina koyar da yara 'yan shekara 9 zuwa 12 a makarantar Lahadi, wannan watan muna cikin Littafin Farawa. Sura 1 da 2 sun tafi lafiya lau, yara suna son labarin halitta. Da muka shiga sura 3, inda Adamu da Hawwa'u suka ci 'ya'yan itacen da Allah ya hana su, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, tun da Allah ya san za su ci, me ya sa ya dasa itacen? Kuma mu da ba mu ci ba, me ya sa muke mutuwa?" Na ce mata Allah ya ba mutum 'yancin zaɓi. Ta yi shiru, amma fuskarta ta nuna ba ta gamsu ba. Sai bayan an tashi abokiyar aikina ta tuna mini cewa ƙanin yarinyar nan ya rasu bara yana jariri. Tun ranar ban sami sukuni ba. Ranar Lahadi zan koma ajin, ba na so in sake ba ta amsar da ni kaina ba ta ishe ni ba. Ku taimake ni.

Bitrus_77:
Malama, amsar da kika ba ta ai daidai ce. Ƙaunar da babu damar ƙi a cikinta ba ƙauna ba ce, dole ce. Da babu itacen, da Adamu bai da hanyar nuna biyayyarsa ga Allah. Yarinya ce, in ta girma za ta gane.

Dattijo:
Sannu da ɗawainiya, 'yata. Kafin a kai ga itacen, a sa yaran su karanta 2:16 da kyau. Umarnin bai fara da hani ba. Da kyauta ya fara: kowane itace na gonar naka ne, ka ci. Sai a aya ta 17 aka ware guda ɗaya tak. Maciji ne ya juya maganar a 3:1, ya tambaya ko ashe Allah ya hana su cin kowane itace na gonar. Ya mai da Allah marowaci a idon matar, kuma har yau da idon macijin da yawa daga cikinmu muke karanta labarin, muna ganin itace ɗaya, mun manta da gona guda.

Sannan a lura da sunan itacen, na sanin nagarta da mugunta. Ba wai Allah yana ƙyashin ilimi ba ne. Shi ne fa ya kawo dabbobi gaban Adamu ya raɗa musu suna. Abin da ake nufi, a fahimtata, shi ne mutum ya zama shi ke yanke wa kansa abin da yake nagari da abin da yake mugu, ba tare da Mahaliccinsa ba. Itacen iyaka ne tsakanin mai halitta da abin halitta. Ko da ba a dasa shi ba, iyakar tana nan, domin mutum ba Allah ba ne. Itacen ya sa ana ganinta da ido ne kawai.

Talatu_J:
Baba Dattijo, na ji bayaninka kuma ya shige ni. Amma tambayar yarinyar tana nan daram. Ba ta ce me itacen yake nufi ba, cewa ta yi Allah ya riga ya sani. Ni uwa ce. In na san tabbas ɗana zai taɓa wuƙa ya yanke, ba zan ajiye ta kusa da shi in ce ina gwada biyayyarsa ba. @Bitrus_77, kuma don Allah a daina cewa in ta girma za ta gane. Ni na girma, ban gama ganewa ba.

AlmajirinKalma:
Ina tare da Talatu a kan cewa kada mu yi saurin rufe bakin yarinyar. Gaskiyar magana, Farawa ba ta faɗi dalilin da ya sa Allah ya bar abin ya faru ba. Abin da Littafi ya faɗa a fili shi ne Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta, sha'awar mutum ce take jan sa (Yakubu 1:13-15), kuma ya yi gargaɗi tun kafin a ci.

Akwai wata tsohuwar fahimta da nake ganin za ta yi amfani a aji. Irenayus, wanda ya yi bishop a Liyon ta ƙasar Faransa ta yau a ƙarni na 2, ya ɗauki Adamu da Hawwa'u kamar yara ne, nagari amma ba su nuna ba tukuna. Nufin Allah su yi girma a hankali har su kai ga kamanninsa. Laifinsu shi ne sun yi gaggawar fizge abin da lokacinsa bai yi ba. Ku duba abin da maciji ya yi musu alkawari, wai za su zama kamar Allah, alhali tun 1:27 an riga an halicce su cikin siffarsa. Ya sayar musu da abin da yake hannunsu.

Garba_ɗanƙwai:
Tambaya a gefe. Wai tuffa ce suka ci? Haka nake gani a hotunan littattafan yara.

AlmajirinKalma:
A'a ɗan'uwa, nassi bai ambaci sunan 'ya'yan itacen ba sam. Ana danganta maganar tuffa da Latin, inda kalmar mugunta da kalmar tuffa suke da rubutu iri ɗaya, malum, sai masu zanen Turai suka ɗauka suka yaɗa. Itacen da za mu iya gane irinsa a sura 3 shi ne ɓaure, wanda suka ɗinka ganyensa suka rufe tsiraicinsu.

Maƙwabcinku:
Salamu alaikum. Ni Musulmi ne, na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan, yau dai na ce bari in yi tambaya cikin girmamawa. Rabi na biyu na tambayar yarinyar shi ne ainihin inda muka rabu da ku. A wurinmu Annabi Adamu ya yi kuskure, shi da matarsa suka ce sun zalunci kansu suka nemi gafara (A'araf 23), Allah kuma ya karɓi tubarsa (Baƙara 37). Magana ta ƙare a nan. Kuma Alƙur'ani ya ce babu mai ɗaukar nauyin laifin wani (An'am 164). To ku, yaya kuke daidaita zunubin gado da adalcin Allah? Ba gardama nake nema ba, so nake in ji daga bakinku, ba daga bakin masu faɗa a kanku ba.

Fasto_Y:
Amin, wa alaikumus salam. Barka da zuwa maƙwabci, tambayarka mai kyau ce.

Da farko, maganar cewa ba a hukunta ɗa saboda laifin ubansa tana cikin Littafinmu. Ezekiyel 18:20 ya faɗa ƙarara, wanda ya yi zunubi shi zai mutu. Saboda haka ba mu koyar da cewa jariri ya ci 'ya'yan itace da bakinsa ba. Abin da muke cewa shi ne, abin da Adamu ya yi bai tsaya a kansa ba, ya canja yanayin da dukan zuriyarsa ake haifarsu a ciki. An kore su daga gonar Aidan, a waje aka haifi Kayinu da Habila, a waje aka haife mu. Ba wanda aka tambaye shi inda yake so a haife shi. Manzo Bulus ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa kuma ta biyo shi, ta bazu ga kowa domin kowa ya yi zunubi (Romawa 5:12). Dawuda ma ya ce tun daga ciki yake da wannan ciwo (Zabura 51:5).

Ikkilisiya ta yi doguwar muhawara a kan wannan. Felajiyus, wani malami ɗan Birtaniya, ya koyar da cewa mugun misali kawai Adamu ya bar mana, kowa na iya yin adalci in ya dage. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya ce a'a, ciwon ya kai ga nufin zuciya, sai alherin Allah ne zai warkar da shi. Majalisar shugabannin ikkilisiya da ta zauna a birnin Kartej a shekarar 418 ta ƙi koyarwar Felajiyus. Amma har yau ba a faɗar abin da baki ɗaya. Ikkilisiyoyin Otodoks na Gabas sun fi cewa mun gaji mutuwa da lalacewa daga Adamu, ba alhakin laifinsa ba. Katolika suna cewa yanayi ne da aka same shi, ba aiki ne da mutum ya aikata ba. Da yawa cikin Furotesta kuwa suna cewa har alhakin ana lissafta mana.

SaiAlheri:
Fasto, da girmamawa, ina ganin ka sassauta maganar fiye da yadda Bulus ya yi ta. Romawa 5:18-19 bai tsaya a yanayi ba, ya ce laifin mutum ɗaya ya jawo hukunci a kan kowa. Adamu wakilinmu ne, ya tsaya a madadin zuriyarsa. Na san abin da zafi. Amma ku lura da yadda Bulus ya ɗaure maganar: yadda rashin biyayyar mutum ɗaya ta mai da mutane da yawa masu zunubi, haka biyayyar mutum ɗaya za ta mai da mutane da yawa masu adalci. In na ce ban yarda wani ya wakilce ni a Aidan ba, da wane baki zan ce wani ya wakilce ni a kan gicciye? Ƙofa ɗaya ce. In ka rufe ta don kada Adamu ya shigo, ka rufe wa Almasihu.

AlmajirinKalma:
@SaiAlheri, hujjarka daga aya 18 da 19 tana da ƙarfi, ban musa ba. Sai dai a sani cewa ƙarshen aya 12 ya sha ja-in-ja. Fassarar Latin da Agustin ya yi aiki da ita ta ce "a cikinsa kowa ya yi zunubi", wato a cikin Adamu. Yawancin masu fassara daga Helenanci a yau suna cewa "domin kowa ya yi zunubi". Bambancin ba ƙarami ba ne, shi ya sa Fasto ya kawo ra'ayoyin duka.

MamanBiyar:
Ni ban yi makarantar tauhidi ba, amma na goyi 'ya'ya biyar. Ba wanda na zaunar na koya masa ƙarya, ko rowa, ko ya ce "ba ni ba ne, shi ne". Da abinsu suka zo. Gaskiya da rabawa da neman gafara su ne na sha wahalar koyarwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk ranar da yaro ya yi ɓarna ya je ya ɓuya a bayan ƙofa, Adamu nake gani a cikin itatuwa. Kuma ni ma da nake uwarsu haka nake yi wa Allah.

Injiniya_D:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Duk wannan bayani yana tsaye ne a kan cewa mutuwa ta shigo bayan zunubi. Amma yaran nan za su shiga sakandare a gaya musu sararin samaniya ya kai shekara kusan biliyan 13.8, kuma dabbobi sun yi ta mutuwa tun kafin a sami mutum. In ba mu shirya su ba, ranar da suka ji wannan za su watsar da sura 3 tare da sura 1.

Bitrus_77:
Injiniya, ni dai kwana shida kwana shida ne. An ce ga maraice ga safiya. Fitowa 20:11 ma ta kafa Asabar a kan haka. In muka fara cewa wannan misali ne, wancan misali ne, ina za mu tsaya? Gobe sai a ce Adamu ma misali ne, alhali Luka 3 ya kai asalin Yesu har zuwa gare shi.

Injiniya_D:
Ɗan'uwa Bitrus, ban ce Adamu tatsuniya ba ne. Amma ba 'yan zamani ne suka fara tambaya a kan kwanakin ba. Agustin ɗin da Fasto ya ambata, tun ƙarni na 5 ya lura cewa sai a rana ta huɗu aka yi rana da wata, ya ce to wace irin safiya ce ta kwana uku na farko? Shi a ganinsa Allah ya halicci kome a lokaci guda ne. Kuma mutumin da ya fara kawo ra'ayin cewa sararin samaniya ya faro daga wani mafari guda yana faɗaɗa, Georges Lemaître, fada ne na Katolika ɗan Beljiyam.

Abin da ya fi burge ni a sura 1 shi ne yadda ta tsaya gaban addinan maƙwabta. A labarin Babila, allahnsu Marduk ya yaƙi allahiyar teku Tiyamat ya tsaga gawarta ya yi sama da ƙasa, aka yi mutum don ya ɗauke wa alloli wahalar aiki. A Farawa babu yaƙi, magana kawai Allah ya yi. Rana da wata da al'ummai suke bauta wa, ko sunansu ba a kira ba, babban haske da ƙaramin haske aka ce. Sau bakwai aka ce abin yana da kyau. Mutum kuma ba bawan alloli ba ne, mai ɗauke da siffar Allah ne, namiji da mace. Wannan saƙon bai dogara ga tsawon kwanakin ba.

Dattijo:
'Ya'yana, maganar kwanaki a buɗe mata nata zaure. Malama tana da yarinya mai makoki da take jiran ta ranar Lahadi.

'YarSarki:
Kafin a koma, akwai abin da nake roƙon Malama ta kiyaye a ajin. Tun ina ƙarama nake jin ana cewa mace ce ta jawo mana. Na taɓa zama a wani taro mai wa'azi ya yi ta nanata haka har na ji kamar in nutse. Da na karanta da kaina sai na ga 3:6 ta ce mijinta yana tare da ita. Shi aka ba umarnin baki da baki tun kafin a yi matar, yana tsaye, bai ce uffan ba, aka miƙa masa ya ci. Da Allah ya zo, shi ya fara kira. Me ya ce? Matar da ka ba ni. Ya ɗora wa matar, ya ɗora wa Allah a numfashi ɗaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma a Aidan aka fara hawa tudun. Bulus ya ce an yaudari Hawwa'u, gaskiya ne, amma da ya zo lissafin ta inda zunubi ya shigo duniya, sunan Adamu ya kira.

Wani abu kuma, ku duba wa aka la'anta. Maciji aka la'anta a aya 14, ƙasa aka la'anta a aya 17. Ba a ce wa matar ko mijin "la'ananne ne kai" ba. An gaya musu wahalar da za su sha, amma kalmar la'ana ba ta sauka a kansu ba. 'Yan matan ajin nan suna bukatar su ji wannan.

SaiAlheri:
Wannan gaskiya ne 'yar'uwa. Zan ƙara da cewa mallakar miji a kan mace da aka ambata a 3:16 tana cikin jerin sakamakon faɗuwa, tare da ƙaya da sarƙaƙiya. Ba wanda yake barin ƙaya a gonarsa don an ambace ta a Farawa. Haka ma aiki, ba hukunci ba ne, tun 2:15 aka sa mutum ya nome gonar ya kiyaye ta. Wahalar ce ta zo daga baya.

Fasto_Y:
Malama, ga abin da zan yi da ni ne a ajin. Ba zan tsaya a aya 6 ba, zan kai su ƙarshen surar, domin yawancin darussan yara a wurin cin itacen suke tsayawa, sai yaro ya tafi gida da Allah mai kora kawai.

Bayan sun yi zunubi, wa ya nemi wani? Su ɓuya suka yi. Allah ne ya zo yana kira, "Ina kake?" Ba don bai san inda suke ba. Kira ne na a fito a yi magana. Sannan tun kafin ya gaya wa matar ko mijin abin da zai same su, a cikin hukuncin maciji ya sa alkawari: zuriyar macen zai ƙuje kan macijin, macijin kuma zai sari diddigensa (3:15). Tun zamanin iyayen ikkilisiya ake ganin Almasihu a wannan aya, ana kuma kiran ta bishara ta farko. Bulus ya ce da lokaci ya cika Allah ya aiko Ɗansa, haifaffe ta wurin mace (Galatiyawa 4:4), Ibraniyawa 2:14 kuma ta ce ta wurin mutuwarsa ya hallaka mai ikon mutuwa. An sari diddige a gicciye, an ƙuje kai a tashin matattu.

Sai aya 21, wadda ba na iya karanta ta ba tare da ta taɓa ni ba. Ganyen ɓauren da suka ɗinka ba zai kai su ko'ina ba, sai Allah da kansa ya yi musu tufafin fata ya sa musu. Yana shirin fitar da su, amma bai bar su su fita tsirara ba. Korar ma an faɗi dalilinta a aya 22, kada su ci daga itacen rai su dawwama a wannan hali. Itacen ran nan kuwa bai ɓace ba. A sura ta ƙarshe ta Littafi Mai Tsarki, Ru'ya ta Yohanna 22, ga shi nan a tsakiyar birni, ganyensa na warkar da al'ummai, kuma babu sauran la'ana.

AlmajirinKalma:
Amin Fasto. Ƙaramar tunatarwa ga masu koyarwa: da yawa suna cewa tufafin fatar hadaya ce ta farko, an zub da jini don a rufe su. Tunani ne mai kyau, amma nassin bai ce hadaya ba, fata kawai ya ce. In za a faɗa wa yara a ce "muna ganin hoton", kada a ce "an rubuta". Haka ma sura 3 ba ta kira macijin Shaiɗan ba, Ru'ya ta Yohanna 12:9 ce ta haɗa su.

Maƙwabcinku:
Na gode Fasto da sauran 'yan'uwa, na ƙaru, musamman da na ga ku ma akwai saɓanin malamai a tsakaninku. Har yanzu ina kan fahimtata cewa tuba ta isa ba sai da fansa ba. Tambaya ɗaya ta rage: a Littafinku Adamu ya tuba kuwa?

Dattijo:
Maƙwabci, Farawa ba ta rubuta addu'ar tuba daga bakinsa ba. Abin da ta rubuta shi ne, bayan an gaya masa shi turɓaya ne kuma ga turɓaya zai koma, sai ya juya ya raɗa wa matarsa suna Hawwa'u, uwar masu rai. Mutumin da aka yanke wa mutuwa ya kira matarsa da sunan rai. Da yawa cikinmu muna ganin bangaskiya a nan.

Dalilin da ya sa muke cewa sai da fansa kuwa, surorin da suka biyo baya ne suke nuna shi. Kalmar zunubi ma sai a 4:7 ta fara fitowa, inda aka ce wa Kayinu yana fako a bakin ƙofa. Ɗan fari ya kashe ƙaninsa. Lamek, daga zuriyar Kayinu, ya yi kirarin ramuwa sau 77. Sura 5 kuwa kamar ana buga ganga, wane ya yi shekara kaza, ya mutu, Adamu 930, ya mutu. Aka yi ruwan tsufana, amma abin da aka faɗa game da zuciyar mutum kafin ruwan a 6:5, shi aka maimaita bayansa a 8:21. Ruwa ya wanke ƙasa, bai wanke zuciya ba. Duk da haka kowane mataki da jinƙansa: an sa wa Kayinu alama don kada a kashe shi, an ba da Shitu a madadin Habila, an rufe Nuhu a jirgi, bayan hasumiyar Babila aka kira Ibrahim aka ce ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Kuma 9:6 ta nuna siffar Allah ba ta goge daga mutum ba ko bayan faɗuwa.

UbanMarigayi:
Ban cika rubutu a nan ba. Na binne ɗana yana da wata huɗu, shekara shida ke nan. Malama, yarinyar nan ba tauhidi take tambaya ba. So take ta san ko Allah ya yi fushi da ƙaninta ne, ko wani a gidansu ya yi laifi. Na sani domin ni ma na yi wannan tambayar, kuma akwai waɗanda suka zo gaisuwa suka bar ni da nauyi fiye da wanda suka tarar.

Abin da ya riƙe ni kaɗan ne. Da almajirai suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi aka haifi mutumin nan makaho, ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba (Yohanna 9:3). Ya ce a bar yara su zo wurinsa, mulkin Allah na irinsu ne. Dawuda da jaririnsa ya rasu ya ce shi zai tafi wurin yaron (2 Sama'ila 12:23). Kuma Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Bulus bai kira mutuwa abokiya ba, maƙiyiya ta ƙarshe ya kira ta, wadda za a hallaka. Ki gaya mata Allah ma bai son abin da ya sami ƙaninta. Ki kira sunan yaron in kin san shi. Mutane suna gudun kiran sunan, mu kuwa muna marmarin jin sa.

MamanBiyar:
Allah ya ƙara maka ta'aziyya, ɗan'uwa.

MalamarLahadi:
'Yan'uwa, na dawo. Na gode ƙwarai, na kwafe abubuwa da yawa. Jiya mun karanta sura 3 har ƙarshe kamar yadda Fasto ya ce, na sa yaran suka nemo da kansu abin da Allah ya yi bayan an ci itacen. Su suka gano kiran, su suka gano tufafin. Bayan aji na zauna da yarinyar mu biyu. Na ce mata tambayarta ta farko manyan malamai ma suna ta juya ta, kuma ba laifi ba ne ta yi ta. Na kira sunan ƙaninta kamar yadda UbanMarigayi ya ce. Ta yi kuka, ni ma na yi. Da ta share hawaye sai ta ce, "To Malama, in mun je can wurin itacen rai, za a sake dasa wancan ɗayan? Wani zai iya sake ci?" Na ce mata zan kawo amsa mako mai zuwa.

SaiAlheri:
A'a, ba za a sake ba. Agustin ya ce Adamu yana da ikon kada ya yi zunubi, amma waɗanda aka fansa a ɗaukaka ba za su iya yin zunubi ba. Ru'ya ta Yohanna 21:4 ta ce mutuwa ba za ta ƙara kasancewa ba.

Talatu_J:
Na yarda da wannan da zuciya ɗaya. Amma @Bitrus_77, ka ce ƙaunar da babu damar ƙi a cikinta ba ƙauna ba ce. In a can za mu ƙaunaci Allah da gaske kuma ba za mu iya faɗuwa ba, me ya hana a fara da haka tun Aidan? Baba Dattijo, Fasto, ina jiran ku.